Zanen masu rawa: na fentin mai, na oda, na akirilik, bugu ko kwafi, wanne za ka saya?

A ce ka ci karo da wani zane da aka sa a kasuwa. Mata uku ne suna rawa. Ta tsakiya ta karya ƙugu ta ɗaga hannu ɗaya, zanin ta dama ya cika da iska, ƙafar ta ukun ba ta gama sauka ƙasa ba. An rubuta cewa fentin mai ne a kan kanbas, wato ƙyalle mai kauri da ake zane a kai, santimita 90 da 120, kuma mai zanen yana raye yana aiki. Ranka ya biya. Ka tambayi kuɗi, aka faɗa, ka yi shiru. Kafin ka yanke shawara wani ya ce ai gara ka ba da oda a zana maka naka, wani ya nuna maka na akirilik (fentin da ake damawa da ruwa) mai sauƙin kuɗi, wani ya ce ana buga irinsa da na'ura, ga kuma shagon kayan ado yana sayar da mai kama da shi a farashin da bai kai na firam ɗin wancan ba. Daga nesa duk biyar ɗin kamarsu ɗaya. Daga kusa, da kuma bayan damina uku, ba ɗaya ba ne.

Akwai maganar da Musulmi mai saye zai fara warwarewa tun kafin a zo kan kuɗi. Hadisin da ke cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoto yana cikin Bukhari da Muslim. Malaman Malikiyya sun bambanta mutum-mutumi mai inuwa da hoton da ke shimfiɗe a kan takarda ko ƙyalle, wasu malaman kuma sun hana rataye hoton mai rai kowane iri. Ka tambayi malamin da ka yarda da iliminsa kafin ka ba da ko sisi, domin zane ba kaya ba ne da ake mayarwa cikin sauƙi.

Abin da za a auna

Na farko, kuma wanda na fi ba nauyi, shi ne ko rawar tana motsi. Zanen masu rawa yana tona asirin mai zane fiye da zanen mutumin da ke zaune. Ka rufe fuskokin da tafin hannunka ka dubi ƙafafu: a kan wace ƙafa nauyin jikin yake? Idan ka kasa faɗa, to mutanen tsaye suke kawai an lanƙwasa musu gaɓoɓi. Ka dubi yatsun hannu da idon sawu, nan ne wanda hannunsa bai nuna ba yake ɓoyewa cikin zani ko inuwa. Edgar Degas na Faransa ya yi shekaru yana zana 'yan rawa, a wurin atisaye da bayan fage, Ben Enwonwu na Najeriya kuma ya yi ta komawa kan masu rawa har ƙarshen rayuwarsa a 1994. Abin da ke jan irin waɗannan mutane shi ne wahalar kama jiki a tsakiyar motsi, kuma shi ne ainihin abin da kake biya.

Na biyu shi ne asali: wa ya yi shi, yaushe, kuma wace shaida ke hannunka. Na uku kuɗi, amma kuɗin duka, har firam da dako da kuɗin kwastan idan daga waje zai zo. Na huɗu ƙarko, kuma a nan dole a yi maganar yanayinmu. Gidajen adana kayan tarihi kan riƙe danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100. A Kano danshin kan sauka ƙasa da kashi 20 da rana a tsakiyar hunturu, a watan Agusta kuma ya haura 70. Kanbas da katakon da aka ɗaure shi a kai suna shan danshi su saki, suna kumbura su tsuke, fentin da ke samansu kuwa ba ya bin su daidai. Ga ƙura, ga gara, ga hayaƙin janareta da na turaren wuta. Sai sauƙin saye da kulawa, sai kuma haɗari: ta ina za a iya cutarka, kuma idan wata rana ka so sayarwa, akwai mai taya?

Zanen fentin mai da aka gama, daga gidan baje kolin zane

Wannan shi ne wanda ya fara ɗaukar hankalinka. Babbar fa'idarsa ita ce gani ya kori ji: abin yana gabanka, ka san abin da za ka kai gida. Fentin mai yana daɗewa bai bushe ba, saboda haka mai zane na samun damar narka launi cikin launi, kuma shi ya sa fatar jiki da ninkin zani suke fitowa da zurfin da ke da wuya a samu a wani fenti.

Ta fuskar ƙarko babu na biyunsa idan an yi shi a kan ƙa'ida. Zanen da Jan van Eyck ya yi na Arnolfini da matarsa a 1434 yana nan rataye a Landan, launinsa bai mutu ba. Amma yana da halayensa. Man da ke cikinsa ba ƙafewa yake yi kamar ruwa ba, iska yake sha a hankali har ya sandare. Samansa kan bushe cikin kwanaki ko mako biyu, cikinsa kuwa sai watanni, shi ya sa ake jiran wata 6 zuwa 12 kafin a shafa masa banish na ƙarshe, wato shafe marar launi da ke kare fuskar zane. Idan mai zane ya yi gaggawa, ya ɗora siririn fenti mai saurin bushewa a kan mai kauri da bai gama sandarewa ba, tsagewa za ta biyo baya. Idan aka ajiye shi cikin duhu na dogon lokaci fararen wurarensa kan yi rawaya-rawaya, su washe idan ya koma haske.

Kuɗinsa ne ya fi na saura, kuma akwai dalili. Gidajen baje koli kan ɗauki la'ada mai yawa, wani lokaci har rabin farashi. A ce an yanke maka naira dubu 800, mai yiwuwa dubu 400 ko 500 ne za su isa hannun mai zanen. Ban ɗauki wannan a matsayin zalunci ba idan gidan ya yi aikinsa: ya tantance mai zanen, ya ba ka rasit da takardar shaida mai ɗauke da suna da shekara da girma da hoton aikin, kuma yana nan gobe idan matsala ta taso. Wurare irin su Nike Art Gallery a Lekki da Abuja, ko bikin ART X Lagos da ake yi tun 2016, suna da amfani ko da ba saye za ka yi ba, don ido ya saba da aiki mai kyau kuma kunne ya saba da farashi.

Haɗarin yana ƙaruwa idan ta intanet za ka saya. Ga gwajin da nake yi, kuma kana iya neman mai sayarwa ya yi maka shi a bidiyo. A kashe fitilar ɗaki, a kunna tocilar waya, a kwantar da haskenta daga gefe kusan manne da fuskar zanen. Fentin gaske zai tashi da tudu da kwari, kuma kowane sawun buroshi zai bi siffar da ya zana: wanda ya yi gefen zani zai lanƙwasa tare da zanin, launinsa ya tsaya inda sawun ya tsaya. Sannan a juya bayansa. Ka ga gefen kanbas ɗin da ɗigon fenti da sawun yatsa, ka ga ko an sa hannu da shekara. Sabon zane ma har ƙamshin mai yake yi idan ka matsa kusa.

Akwai kuma gwanjo, ga mai neman aikin manyan da suka yi suna. Arthouse Contemporary ta fara gwanjon zane a Legas a 2008, a Landan kuma gidan gwanjo na Bonhams ya sayar da zanen Tutu na Enwonwu a kan fam miliyan 1.2 a watan Fabrairun 2018. Irin wannan labari ne ke sa mutane su ɗauka kowane zane jari ne. Ba haka ba ne. Yawancin zane ba ya komawa kasuwa da riba, kuma a gwanjo mai saye kan biya ƙarin la'ada kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan farashin da aka buga guduma.

Ba da oda ga mai zane

Nan zuciyata ta fi karkata, ba zan ɓoye ba. Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. A Zariya ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma sashen zane na jami'ar bai daina yaye ɗalibai ba. Matashin da ya fito daga irin wannan horo zai yi maka aiki ba tare da la'adar dillali ba, kuma kuɗinka gaba ɗaya zai shiga hannun wanda ya yi wahalar.

Abin da oda ke ba ka, wanda babu wata hanya da ke bayarwa, shi ne zaɓin rawar kanta. Kana iya cewa 'yan koroso kake so, da kacau-kacau a ƙafafunsu, ko rawar suwange ta Tibi da baƙi da farin saƙinsu, ko atilogu ta Ibo mai tsalle da juyi. Kana iya auna bangonka ka faɗi girman, ka faɗi launin da zai zauna da kujerunka. Wasu masu zane ma sukan bar fuskoki babu ido babu baki, su bar jiki da tufafi su yi maganar.

Sai dai sauƙi ba ya nan, kuma haɗarin a bayyane yake: kana biyan abin da ba ka gani ba. Bisa al'ada ana ba da kafin alƙalami, sau da yawa rabin kuɗi, sannan a jira makonni ko watanni. Ka nemi ganin ayyukansa uku ko huɗu na masu rawa da idonka, ba a waya ba. Ku rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ne: girma, irin fenti, ranar gamawa, sau nawa za a yi gyara. Ka ce sai ka ga zayyanar fensir ka amince kafin ya taɓa fenti. Kada ka matsa masa ya kawo da wuri don wani biki, domin zanen da aka naɗe bai gama bushewa ba zai manne da abin da aka rufe shi da shi.

Ka yi maganar katako da bakinka. Na taɓa yin asarar wani zane da nake ji da shi, na wani matashi, mata biyu da kalangu a bayansu. Na rataye shi a bangon da ke shan ruwan damina ta waje. Wata rana na ga garin katako ja-ja a ƙasan bangon, na sauke shi, na tarar gara ta bi ta bayan firam ta cinye sandar ƙasa har ta fara cin gefen kanbas, ga kuma ɗigo-ɗigon fumfuna a bayan ƙyallen. Fentin kansa bai yi komai ba. Ɗanyen katako mara magani da bango mai danshi ne suka kashe aikin. Tun daga ranar nake tambayar wane katako ne, ya bushe ko bai bushe ba, an shafa masa maganin gara ko ba a shafa ba, kuma nake sa ɗan tsinken roba a kusurwoyin baya don iska ta riƙa ratsawa tsakanin zane da bango.

Abu ɗaya da masu ba da oda kan manta: ka mallaki zanen, amma haƙƙin buga shi yana hannun mai zanen sai in ya sallama maka a rubuce. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare irin wannan aiki tsawon rayuwar mai shi da shekara 70 bayan rasuwarsa. Idan kana da niyyar sa hoton a kalanda ko tallar kasuwancinka, ku yi maganar tun farko.

Na akirilik

Shi ma aikin hannu ne na ainihi, guda ɗaya tak a duniya, kuma kada wani ya sa ka raina shi. Fenti ne da ake dama shi da ruwa, ya shigo kasuwa a shekarun 1950, yana bushewa cikin mintoci. Saurin nan ya dace da rawa: sawun buroshi kan fito da kaifi da zafi, launi ya yi tsalle. Ba ya rawaya kamar na mai, kuma da yake yana da ɗan taushi kamar roba, ya fi jure miƙewa da tsukewar kanbas. A hannun mai zane ɗaya, sau da yawa ya fi na mai sauƙin kuɗi, oda kuma tana fitowa da wuri.

Rauninsa a wurinmu ƙura ce. Fuskarsa kan yi laushi idan zafi ya tsananta, ƙura ta kama ta zauna, kuma cire ta ba tare da ɓata fentin ba aiki ne mai wuya. Banish ko gilashi na rage wannan. Haɗarin ciniki ɗaya ne: a sayar maka da akirilik da sunan fentin mai. Ka sa a rubuta irin fentin a rasit.

Bugu mai lamba da sa hannu

Ana ɗaukar hoton zanen na ainihi da kyamara mai ƙarfi, a buga shi a kan takarda mai kauri ko kanbas da na'urar fesa tawada. Masu sayarwa kan rubuta masa giclée, sunan da aka ƙirƙiro a 1991. Idan mai zanen ne da kansa ya fitar, za ka ga sa hannunsa da lamba kamar 12/50, wato na goma sha biyu cikin hamsin da aka buga, kuma ya yi alkawarin ba zai ƙara ba.

Kuɗinsa ɗan kaso ne na farashin na ainihi, dakonsa a cikin bututun kwali ba wahala, kuma siffar masu rawar, da nauyin jikinsu da juyin zaninsu, duk suna nan yadda gwani ya tsara su. Abin da ka rasa shi ne tudun fenti da yadda haske ke wasa a kansa safe da yamma. Ƙarkonsa ya dogara da tawada. Mai garin launi tana kai shekaru masu yawa idan ba ta fuskantar rana, ta rini kuwa, irin ta masu buga fosta, tana kodewa ta koma shuɗi-shuɗi cikin 'yan shekaru. Ka tambaya kafin ka biya. Na takarda yana buƙatar gilashi, da tazara tsakaninsa da gilashin don kada danshi ya manna su.

Haɗarinsa shi ne bugun da aka yi wa kwalliya. Ana buga hoto a kanbas, a shafa masa wani mai mai kauri marar launi da buroshi, ya yi kama da fenti. Gwajin tocila yana kama shi nan take: sawun buroshin zai ratsa fuska da zani da bango ba ruwansa da abin da ke ƙasa. Bugun da aka kira shi bugu abin saye ne. Wanda aka kira shi fentin mai damfara ce.

Kwafin masana'anta

A unguwar Dafen da ke Shenzhen a ƙasar Sin, tun 1989 ake zana kwafin hotuna da fentin mai na gaske, da yawan gaske, wani lokaci mutum ɗaya ya yi bango wani ya yi tufafi. Ire-irensu sun cika shagunan kayan ado. Araha ne, babu jira, kuma fenti ne da hannu, saboda haka gwajin tocila ba zai kama su ba. Gwajin ƙafafu ne ke kama su: wanda ya kwaikwayi hoto sau ɗari bai taɓa tsayawa gaban mai rawa ba. Kanbas ɗin kan zama siriri, katakon mara nauyi, sunan da ke kusurwa kuma ba na kowa ba ne. Babu mai sake saye. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, don haka in ka sani ka saya don cike bango, babu cuta. Cutar tana ga wanda ya biya kuɗin na ainihi.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Fentin mai da aka gama | Mafi tsada | Mai tsawo ƙwarai, in an kula | Ka gani ka ɗauka | Jabu, musamman ta intanet |
| Oda | Matsakaici zuwa tsada | Ya danganta da kayan aiki | Jira da bibiya | Jinkiri, ko aikin bai yi maka ba |
| Akirilik | Matsakaici | Mai kyau, amma yana kama ƙura | Da sauƙi | A kira shi fentin mai |
| Bugu mai lamba | Ƙasa | Ya danganta da tawada | Mafi sauƙin dako | Kodewa, ko bugu mai kwalliya |
| Kwafin masana'anta | Mafi araha | Gajere | Nan take | Ba shi da daraja a kasuwa |

Wanne ya dace da wa

Idan wancan zanen na mata uku ne ya hana ka barci, kuma kuɗin ba zai taɓa na cefane da na makarantar yara ba, shi za ka saya, da rasit da takardar shaida. Oda ba za ta dawo maka da shi ba, ko da mai zanen ne da kansa ya sake yi. Ka tambaya ko za a karɓi biya kashi-kashi, gidaje da yawa suna yarda.

Idan rawar garinku kake so a bango, ko kyauta ce ta musamman kuma kana da aƙalla wata uku a gaba, ka nemi mai zane ka ba da oda. Idan lokacin bai kai haka ba, ka ce ya yi da akirilik.

Mai otal ko gidan abinci ko ofis da ke son cike ɗakuna goma ya ɗauki bugu mai lamba a bayan gilashi, ya ajiye kuɗin na ainihi guda ɗaya don zauren shiga. Wanda ke haya yana yawan tashi, ko yake zaune a ƙasar waje yana son abin da zai shiga jaka, shi ma bugu ne nasa. Falon da ake turara shi kullum da turaren wuta, ko wanda tagarsa ke kallon titi mai ƙura, ya fi dacewa da duk abin da gilashi ya rufe.

Mai tunanin jari ya fara da zagaya gidajen baje koli da kallon gwanjo na shekara guda kafin ya fitar da kuɗi, sannan ya sayi aikin wanda ake baje kolinsa a kai a kai, ya adana kowace takarda. Kwafin masana'anta kuwa na bar shi ga lungun bene da ɗakin jira.

Kowanne ka ɗauka, ka rataye shi a bangon ciki wanda ruwa ba ya duka ta baya, nesa da hasken rana kai tsaye da iskar na'urar sanyaya ɗaki. Ka riƙa kaɗe ƙurarsa da buroshi mai laushi busasshe, ban da jiƙaƙƙen tsumma, kuma duk ƙarshen damina ka sauke shi ka duba bayansa.